Ɗakin da Babu Shi

Marin farko bai sa Mahbuba kuka ba. Na biyun ne ya kai ta ƙasa.

Ta faɗi a bakin famfon tsakar gida, farantin shinkafar da take tsincewa ya kife, kaji suka yo kansa. Babban wanta, Yaya Nata'ala, yana tsaye a kanta da waya a hannun hagu. Daga sakatariya yake, ko takalmin aikin bai cire ba.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Yaya, me na yi?"

"Tambayarki nake. Ke kika rubuta?"

Ya kara mata wayar har tana taɓa hancinta. Ta ga sunan littafinta, ta ga layin da ta ɗora a samansa da manyan baƙaƙe: LABARIN GASKIYA NE, A DUTSE YA FARU.

"Ni ce, Yaya, amma ai littafi ne..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya zare bel ɗinsa ya shiga tsula mata ta ko'ina, ƙarfen ya same ta a gefen kunne, jini ya biyo wuyanta. Ta kare fuska da hannuwa tana kiran Umma.

Umman tana nan, a bakin ƙofar ɗakinta, ta naɗe hannu a ƙirji. Hajiya Indo mace ce da ko kaza aka taka a gabanta sai ta yi magana, amma yau tana kallo ana jibgar 'yarta, bakinta gum. A bakin zaure kuwa, da wata dakakkiyar shadda da makullin mota a yatsa, Abdulrauf ne tsaye yana girgiza kai wai shi mai takaici.

Ga yadda aka haihu a ragaya.

Tun Mahbuba tana jami'a take rubuta littattafan soyayya a waya, tana sakin su shafi-shafi a guruf ɗin mata. Kuma wallahi ta iya shirga ƙarya. Jarumanta duk masu jirgin sama na kansu ne. Jarumarta kan faɗo daga saman bene ta tashi ta kaɗe zani. A wani littafin har gawa ta tayar a makabarta, aka dawo da ita gida aka sha biki. Mata kuwa suna sha kamar kunun zaƙi, in ta yi jinkirin sakin shafi sai waya ta ɗau zafi da roƙo da zagi.

Mutum ɗaya ne ba ya sha. Bubayero, Bafulatanin Aujara, ma'aikacin dabbobi, wanda ya zo gidan yi wa tumakin babanta allura, ya tafi da zuciyarta. Shi ne saurayinta, shi mahaifinta Baba Malam ya ba wa, har manyansa sun zo an sa rana bayan babbar salla. Duk abin da ta rubuta yana karantawa, ya zo zance ya sa ta gaba da tsiya.

"Ranki ya daɗe, wannan jarumin naki, an yi masa ruwan harsashi a ƙirji, washegari ya sa babbar riga ya tafi ɗaurin aure?"

"Littafi ne, Buba."

"Na san littafi ne. Amma ina tsaka da tausayinsa sai na ji an jefo ni waje. Hawayen da na tara sai su koma dariya."

"Kai kaɗai. Matan da ke karantawa ba wadda ta yi dariya. Mace ta wuni tana fama da tsadar gawayi da kukan yara, ta buɗe waya kuma ta sake tarar da gawayin? Hutu take nema."

"To ni ba na iya hutawa a ɗakin da na san ba shi da ginshiƙi. Ina kwance ina jiran ya rufto."

Da wasa ya faɗa, amma ta ji zafi, ta kwana da ita. Mahbuba akwai zuciya, jininsu ɗaya da Nata'ala. Ta ce to, gaskiya kake so? Za ka sha gaskiya har ta ginshe ka.

Sai ta fara sabon littafi. Jarumin ma'aikacin dabbobi ne mai tsohon babur da ke tari kafin ya tashi, yana da tabo a saman girar hagu inda bijimi ya taɓa kai masa ƙaho. Jarumar 'yar unguwarsu Limawa ce, tana da wa mai saurin hannu, da uwa da ta fi son a haɗa ta da ɗan wan uwar, wani mai motocin haya a Ringim da ke zuba turare kamar zai yi wanka da shi. Sunaye kawai ta sauya. A sama ta liƙa layin nan na labarin gaskiya, wanda kowace marubuciya ke liƙawa don jan kasuwa, kamar yadda mai maganin gargajiya ke rantsuwa a tasha. Duk 'yan guruf sun san tallan tsiya ne, ba mai ɗaukarsa da nauyi.

Sai dai littafi ba ya tafiya sai da faɗuwa. Da ta kai tsakiya, ta sa ruwan sama ya tsare masoyan a hanya, jarumar ta fake a ɗakin saurayin, shaiɗan ya shiga tsakani. Shafi biyu gaba, jarumar ta fara amai da safe.

Guruf ya kama da wuta. Mata suka yi ta sharhi, wai ba su taɓa jin daɗin littafinta irin wannan ba, wai har ƙamshin ƙasar suna ji. Mahbuba ta yi ta murna, ba ta san ƙanwar Abdulrauf tana cikin masu karatun ba. Shi Abdulrauf ɗin, ɗan wan Umma, shi ne mai turaren cikin littafin, kuma tun ranar da aka sa rana yake neman ƙofa. Ya ɗauki waya, ya hau mota tun daga Ringim, bai zarce ko'ina ba sai ofishin Nata'ala.

To shi ne fa ake ciki.

"Wata nawa ne?" in ji Umma daga inda take.

Mahbuba ta ɗago kai, jini da hawaye sun haɗu a haɓarta. "Umma, har da ke?"

"Na ce wata nawa ne?"

"Babu komai a jikina, Umma. Wallahi babu komai. Ƙarya ce na shirya."

"Ƙarya?" Nata'ala ya sake ɗaga bel ɗin. "Ni da kika rubuta, ƙarya ne? Umma ƙarya ce? Tabon goshin nasa ƙarya ne?"

Daidai nan aka ji tarin babur a ƙofar gida. Alhamis ce, bayan la'asar, ranar zancen Bubayero. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Nata'ala ya saki bel ɗin. Idonsa ya sauka kan taɓaryar da ke jingine da turmi. Mahbuba ta ga inda ya kalla, ta rarrafa ta riƙe ƙafarsa da hannu biyu.

"Yaya, don Allah, don Annabi. Ni ka kashe, shi bai san komai ba."

Ya yi ƙwallo da ita, kanta ya bugi bakin famfo. Ya sungumi taɓaryar ya fita. Abdulrauf ya matsa ya ba shi hanya, yana cewa, "A yi a hankali dai, Yaya," irin a hankalin da ke nufin a ƙara wuta.

Bubayero yana kafe babur, da ledar kindirmo da ya kawo wa Umma daga Aujara rataye a hannu. Ya ga Nata'ala ya fito, ya russuna zai gaishe shi. A russunen taɓaryar ta same shi a gadon baya.

Ya kifa kan babur ɗin, suka zube tare. Ledar ta fashe, kindirmo ya malale a ƙasa. Kafin ya juyo, yaran mota biyu da Abdulrauf ya zo da su sun diro daga mota, ɗaya da wayar wuta a naɗe, ɗaya da ƙafa kawai. Suka rufar masa. Duka a ciki, duka a haƙarƙari, duka a fuska. Tsohon tabon girarsa ya sake buɗewa, jini ya rufe masa ido.

Bai yi ihu ba. Ko wash bai ce ba. Ya dunƙule ya cije leɓe, kamar yadda aka koya masa tun yana bin shanu, cewa namiji ba ya nuna zafi a gaban jama'a. Wannan shirun ya ƙara tunzura Nata'ala, ya ɗauka taurin kai ne.

Limawa ta cika. Mata suna leƙe ta katanga, 'yan acaɓa sun tsaya, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, ba mai cewa a bari. Mahbuba ta fito da gudu ba mayafi ba takalmi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta girma.

"Ku bar shi. Ku bar shi, za ku kashe shi."

Ba wanda ya ji ta. Abin da ya tsayar da su muryar Baba Malam ce, ya dawo daga masallaci da carbi a hannu.

"Nata'ala."

Sau ɗaya ya kira. Taɓaryar ta tsaya a sama, yaran motar suka ja baya. Baba Malam tsohon malamin makaranta ne, ba ya ɗaga murya, kuma bai taɓa buƙata ba. Ya dubi 'yarsa da kai a buɗe, ya dubi wanda zai zama surukinsa kwance cikin jini da nono.

"A ƙofar gidana?"

Abdulrauf ya yi caraf ya matso, ya durƙusa, ya miƙa waya da hannu biyu. "Baba, ba a so ka gani ba. Amma gara ka ji daga gida."

Baba Malam ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta a tsaye, jama'a na kallonsa. Mahbuba ta ga leɓensa yana motsi a kan kalmomin da ta rubuta tana dariya a kan katifarta, ta ji da ma ƙasa ta tsage. Da ya gama, ya cire tabaran, ya ninke a hankali.

"Bubayero."

Bubayero ya yunƙura da ƙyar ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ni na ba ka 'yata da bakina. Tsakaninka da Allah, abin da aka rubuta a nan ya faru?"

Shiru.

Kalma ɗaya ce fa, jama'a. A'a. Yaro ma ya iya ta. Amma Bubayero ɗan gidan da ya fito ne. A gidansu mutum ba ya cin abinci a gaban suruki, ba ya haɗa ido da shi, in ya hango shi a hanya sai ya ratse. Balle a ce ya buɗe baki a gaban uban yarinya, a tsakiyar titi, ya yi maganar shimfiɗa, ko da musantawa ce. Kunya ta ɗaure masa harshe tam. Ya ƙara sunkuyar da kai, jini na ɗiga daga girarsa.

"Da kai nake, ɗana."

"Buba, ka yi magana," Mahbuba ta faɗa cikin kuka. "Ka gaya musu. Don girman Allah ka buɗe baki."

Bai buɗe ba.

Abdulrauf ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi don kowa ya ji. "Baba, shiru ma ai amsa ce."

Nata'ala bai jira komai ba. Ya sauke taɓaryar da duk ƙarfinsa. Bubayero ya ɗaga hannu ya kare kai, aka ji ƙas, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Nata'ala ya sake ɗagawa, Mahbuba ta faɗa kan Bubayero ta rufe shi da jikinta, dukan ya sauka a kafaɗarta. Numfashinta ya ɗauke, ta ga duhu, amma ba ta sake shi ba.

Baba Malam da kansa ya riƙe taɓaryar. Ya fizge ta daga hannun ɗansa, ya kwaɗa masa mari a gaban duk Limawa, babban mutum mai mata da 'ya'ya.

"Kisa za ka yi mini? Koma baya."

Mahbuba ta ɗago, kafaɗa a sanɗare, ta dubi Abdulrauf. Tsoron ya fita daga ranta, saura zafi.

"Ya Abdul, ka karanta littafina na baya?"

"Ni ba na karanta shirme."

"Ƙanwarka ta karanta. A ciki na tayar da gawa daga kabari. Me ya sa ba ka ɗauko shebur ka je makabarta ka duba ba? A wani na ce a Dutse akwai mai gidan da aka yi wa rufin zinare, shi ma na rubuta labarin gaskiya ne a samansa. Me ya hana ka zuwa neman gidan?"

"Wannan kowa ya san ƙarya ce, shi ya sa ba wanda ya damu." Ya nuna Bubayero da makullin motarsa. "Wannan kuwa ga tabon, ga baburin, ga Yaya, ga Gwaggo. Har ni kin saka, kin ce ina warin turare. In tara gaskiya ne, ta yaya na goma zai zama ƙarya?"

Wasu a cikin taron suka gyaɗa kai. Abin takaicin ke nan, maganar munafuki in ta zo da tsari sai ta fi ta mai gaskiya shiga kunne.

Mahbuba ta juya ga mahaifinta, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ban taɓa yi maka ƙarya ba sai a takarda. A kawo Alƙur'ani in dafa. In bai isa ba, a kai ni asibiti, likita mace ta duba ni. Yau ɗin nan, kafin magariba. In aka sami wani abu, ka yanka ni da hannunka, na yafe jinina."

Umma, da ta biyo su har bakin zaure, ta fashe da kuka. Ta cire mayafinta ta zo ta rufa wa 'yar a ka. Abdulrauf ya daina kaɗa makulli.

Baba Malam ya daɗe yana kallon Mahbuba. Ya san 'yarsa, ya san idon mai laifi, shekara nawa yana gani a aji.

"Za a je," ya ce. "Ba don ni ba, don bakin mutanen nan. In kin fito da gaskiya, ranar da na sa tana nan, ko sama da ƙasa za su haɗe. Ni zan je Aujara da ƙafata in ba iyayen yaron nan haƙuri." Ya juya. "Kai kuma Abdulrauf, kwashe karnukanka ka bar mini ƙofar gida. Nata'ala, nemo adaidaita."

Wani sanyi ya ratsa Mahbuba tun daga ka har ƙafa. Ta san abin da likita za ta gani. Kafaɗarta na zugi, kunnenta na jini, amma a ranta ta ce an gama, Allah ya fitar da ita.

Maƙwabta biyu suka kama Bubayero suka shigar da shi zaure, suka jinginar da shi da bango kafin abin hawa ya zo. Baba Malam ya tsaya a waje yana sallamar 'yan kallo, Umma ta shiga ɗebo ruwa. Zauren ya rage daga shi sai ita.

Ta durƙusa a gefensa, ta kama bakin mayafin tana share masa jinin ido.

"Sannu, Buba. Sannu. Ni na ja maka, ka yafe mini. Amma me ya sa ka yi shiru? Kalma ɗaya da ta hana a karya ka."

Ya yi magana da ƙyar, leɓensa ya kumbura.

"Kin san ba zan iya ba a gaban Baba."

"Na sani. To ya wuce. Ka ji abin da ya ce, ranarmu tana nan. Yanzu za a duba ni, kowa ya ji kunya."

"Likita za ta ce babu ciki."

"Eh mana."

"Ba za ta gaya mini ɗakin wa ne ba."

Hannunta ya tsaya a goshinsa. "Wane ɗaki?"

Ya buɗe idon da bai kumbura ba ya kalle ta. Ba fushi a ciki, da fushi ne da ta fi so.

"Na karanta shafin tun ranar da kika sake shi. Baburin nawa ne. Tabon nawa ne. Har yadda nake cewa ranki ya daɗe, nawa ne. Duk abin da ke littafin nan na san inda kika ɗauko shi." Ya ja numfashi, haƙarƙarinsa ya soke shi, ya dakata. "Amma ɗakin da ruwa ya kore ku ba nawa ba ne. Ba ki taɓa ganin ɗakina ba. Kin ce ƙofar sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu. Kin ce rufin yana yoyo a kusurwa, an tara robar fenti, ɗigon yana sauya sauti in ta kusa cika. Kin ce filon yana warin man gashi da gumi. Mahbuba, wanda bai kwanta a wurin ba bai san wannan ba."

Ta ji kamar an sake sauke mata taɓaryar, wannan karon a ƙirji.

"Buba, ni kake tuhuma? Kai?"

"Ko kunya ta sake ni ɗazu, a kaina kaɗai zan iya rantsewa."

Hawayen da suka tsaya suka dawo, masu zafi. Ta riƙe gefen rigarsa.

"Babu ɗakin nan a duniya. Wallahi babu shi. A kan katifata na zauna na gina shi, saboda kai. Kai ka ce ba ka jin daɗin abin da ba shi da ginshiƙi. Na sa masa ƙofa, na sa masa yoyo, don ka karanta ka ce na iya. Don kai na yi."

A waje adaidaita ta tsaya, Nata'ala yana cewa a fito da shi. Bubayero ya dafa bango da hannun mai lafiya, ya miƙe a hankali, karyayyen yana reto. Ta tashi za ta tallafe shi, ya janye kafaɗarsa.

"Ƙirƙira na yi, Buba. Ka yarda da ni, ƙirƙira na yi."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Duk ƙirƙirarki na karanta, Mahbuba. Na san kamanninta. Ba ki iya irin wannan ba."

Ya fita, maƙwabta suka kama shi suka sa a adaidaita. Umma ta shigo da kwanon ruwa, ta tarar da ita tsaye ita kaɗai a tsakiyar zaure, ta ce ta wanke fuska ta sa takalmi, babanta yana jira a tafi asibiti.